Manhajar Korar Ɓera a Waya: Tana Aiki Kuwa? Ga Abin da Masu Kyanwa Ya Kamata Su Sani

Da zarar an gama girbin masara a Yako, Tudun Wada da Doguwa, sai ɓeraye su biyo hatsi daga gona zuwa cikin gida. Ɓarnarsu ba ta tsaya kan buhu ba, har wayar caja da wayoyin sola suke gwaguya. Uwa uba, akwai irin ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, wadda ta fi ƙamari da rani.

Shi ya sa matasa da dama ke sauke manhajojin da ke iƙirarin korar ɓera da sauti. Sai dai kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a kusan kilohaz 20, kuma an ƙera lasifikar waya daidai da kunnen mutum, don haka ba ta fitar da sautin da ya wuce nan da wani ƙarfin kirki. Su ma na'urorin da ake jonawa a soket, ɓera kan saba da ƙararsu cikin 'yan kwanaki, kuma sautin ba ya ratsa bango. Tun a 2001 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta gargaɗi kamfanoni sama da 60 masu sayar da su kan yin talla ba hujja. Ita kuwa kyanwa tana jin sauti har sama da kilohaz 60, wato ƙarar da mai gida bai ji ba tana iya hana ta sukuni.

Maganin ɓera na kasuwa ya fi wannan haɗari. Wani nau'insa yana hana jini daskarewa, kuma ɓeran da ya ci yakan yi kwanaki yana tangaɗi kafin ya mutu. Irinsa kyanwa ta fi saurin cafkewa, sai gubar ta shige ta. Alamomin kan bayyana bayan kwana 3 zuwa 5: kasala, dasashi ya yi fari, numfashi da kyar. Idan ana zargin ta ci, kada a jira alamu, a garzaya wurin likitan dabbobi tare da kwalin maganin. Sinadarin bitamin K1 ne makarin wannan nau'i.

Mafita ba ta da tsada. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: a adana hatsi cikin duro mai murfi, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a kwashe ragowar abincin kyanwa kafin dare. A toshe duk kafar da fensir zai shiga da siminti ko ragar ƙarfe, domin ƙaramin ɓera na kutsawa ta milimita 6. Tarko kuma a ɗana shi cikin akwati mai ƙaramar ƙofa, a jikin bango, inda ƙafar kyanwa ba za ta kai ba. Na gam a bar shi, yana kama 'ya'yan kyanwa.

Mushen ɓera kada a taɓa shi da hannu. A ɗauke shi da leda, a binne da zurfi, sannan a wanke hannu da sabulu.