Abubuwan Mamaki a Bikin Auren Arewacin Indiya

Duk ɗan Musawa da karatu ko fatauci ya kai shi Delhi, in ya yi aboki a can, watarana katin biki zai iso hannunsa. Ya je. Mun tashi da finafinan Indiya har muna ganin mun san bikinsu ciki da bai, amma abin da ido zai gani ya wuce na fim.

Lokacin ma abin lura ne. A wajenmu sai an yi kaka, an sayar da masara da auduga a Funtuwa, sannan kiɗan biki ke tashi. Su ma Hindu suna da wata huɗu na damina da ba sa ɗaura aure, sai wajen Nuwamba bukukuwa su ɓarke. Malamin addininsu ne ke duba taurari ya tsayar da sa'a, kuma sau da yawa sa'ar kan faɗo ne bayan tsakar dare. Baƙo ya ci ya ƙoshi tun da wuri, don zaman na da tsawo.

A al'ada ango ba a mota yake isowa ba. Goɗiya fara yake hawa, fuskarsa a lulluɓe da labulen furanni, danginsa na gaba suna rawa ga ganga mai suna dol. Wannan ayari shi ake kira barat, kuma tafiyar da ba ta wuce jifa biyu ba sai ta cinye sa'a biyu, dangin amarya na tsaye a ƙofa suna jira. In ta wajen ango aka gayyace ka, ba makawa sai an jawo hannunka cikin fili.

Lalle kuwa har ƙunshinsa irin namu ne, sai dai mai zanen takan ɓoye harafin sunan ango a cikin furen da ke tafin amarya, shi kuma ya nemo. Lallen garin Sojat na jihar Rajastan ya fi suna. Kafin ranar ɗaurin aure ana shafe ango da amarya da kwaɓin gangamau, kowa a gidansu, har rigunan masu shafawar su koma rawaya.

Da ango ya tuɓe takalmi zai shiga rumfar ɗaurin aure, ƙannen amarya mata sun sace shi. Ba ya dawowa sai an yi ciniki an biya, tamkar sayen baki da abokan ango ke yi a wajen ƙawayen amarya. Wanda ya kalli fim ɗin Hum Aapke Hain Koun na 1994 ya ga wannan wasa.

Gudunmawa a ambulan ake ba da ita, amma ba a cike lissafi: rupi 501, ko 1,001, ko 2,101. Har ambulan ake sayarwa da ƙwandalar rupi ɗaya manne a jikinsa. A ganinsu sifili ƙarshe ne, ɗayan nan kuwa mafarin wani alherin. Kada a je da fararen kaya zalla, na makoki ne. Ja kuma na amarya ne.

Wuta ce shaidar aurensu. Ana ɗaure gefen mayafin amarya da na ango su zagaya ta, kuma dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda ake bin al'adar taku bakwai, aure na tabbata ne da taku na bakwai. Musulmi zai iya zama daga gefe ya kalla ba tare da ya sa hannu a ibadarsu ba, kuma a gidaje da yawa babu nama a bikin sam, abin da ke sauƙaƙa masa batun abinci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun dukiya. A Musawa ango ne ke biyan sadaki ya haɗa lefe. A can uban amarya ne ake sa ran ya bi 'yarsa da kuɗi, zinariya, wani lokaci har mota. Gwamnatin Indiya ta haramta wannan tun 1961, amma bai mutu ba: alƙaluman hukuma sun nuna sama da mata 6,000 sun rasa rayukansu a 2022 saboda rikicin wannan dukiya. Ina tausaya wa iyayen nan ƙwarai, don na ga manomi a garinmu ya sayar da sa ko ya jinginar da gona saboda kayan ɗaki da gara, alhali addini bai ɗora masa ba.

Da asuba ake sallamar amarya. Tana fita tana watsa shinkafa ta bayan kanta, mahaifiyarta na tarewa da gefen mayafi, alamar ta bar wa gidan albarka. A ƙofar gidan miji kuma tulun shinkafa ake ajiye mata, ta ture shi da ƙafar dama sannan ta shiga.