Ba Kowane Harsashi Ne Ya Dace Da Tsohuwar Bindiga Ba

'Yan'uwa fataken shanu, da yawa cikinmu akwai mai bindigar farauta ta gado, wani kuma ya sayi ta zamani. Abin da ke jawo ɓarna shi ne a ɗauka duk harsashin da ya shiga bindiga ya dace da ita. Ba haka abin yake ba.

Da farko a san tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogi da yawa nasu milimita 65 ne, na baya-baya 70, wasu na zamani 76. Lambar da ke jikin harsashi tsawon kwanson ce bayan ya buɗe. Don haka harsashi mai 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau, amma in aka harba bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ƙarfin albarushi ya ƙaru a ciki. Gajere a dogon mazauni ba laifi. Dogo a gajere kuwa, kul! A cire bututun a duba ƙarƙashinsa, nan ake buga lambobin da hatimin gwaji. Mai tsohuwar Robust ko Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa ya duba da kyau.

Na biyu, nauyin ƙwayoyin dalma. Ga tsohuwar bindiga mai lamba 12, giram 24 zuwa 28 ya wadatar. Masu giram 32 zuwa 36 a bar wa ta zamani. Kuma in lambar ƙwaya ta yi sama, ƙwayar ƙarama ce: lamba 7 don kurciya, 5 ko 6 don zabo, 4 don agwagwar ruwa.

Na uku, ƙwayar ƙarfe. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu a 2023, shi ya sa harsashi mai ƙwayar ƙarfe ya yawaita. Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, yana iya kumbura bakin tsohuwar bindiga, musamman mai matsattsen baki. Bututun da ka ga zane a jikinsa kamar an murɗa igiya kuwa, yawanci don baƙin albarushi na da aka yi shi. Kada a sa masa harsashin zamani sai gwanin gyaran bindiga ya duba.

Sannan kada a haɗa harsashi lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yakan zurma cikin bututun 12 ya maƙale, in aka sa na 12 a bayansa aka harba, bututun ya tsage a hannun mutum.

A kuma tuna, takardar izinin bindiga ta ƙasa ɗaya ba ta aiki a wata. Kafin a tsallaka iyaka da garke, a bar ta a gida ko a nemi izinin hukuma. Allah ya kiyaye mu, amin.