Kada A Zubar Da Tsohuwar Ƙasar Buhu

Noman buhu ya bazu ƙwarai a garuruwanmu. Wanda ba shi da gona sai ya nemi buhunan siminti, ya cika su da ƙasa da taki, ya jera a tsakar gida, ya dasa tumatir ko barkono ko doya. Amma da an gama tsinke amfani, sai ka ga an kwashe ƙasar an zubar a bola. Wannan kuwa asara ce babba, balle tun daga 2022 da takin zamani ya yi tsada.

Kakanninmu ba su san wannan almubazzaranci ba. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar shara da toka da kashin dabbobi daga cikin birni, suna kai wa gonakinsu a mangalar jakuna, shi ya sa suke noma wuri guda kowace shekara ba tare da ƙasa ta mutu ba.

To, me ke samun ƙasar buhu bayan kaka? Abu uku ne. Na fari, shuka ta cinye yawancin abincin da ke ciki. Na biyu, yawan ban ruwa ya danƙare ta, iska ba ta ratsawa, wani lokaci har a ga farin gishiri a samanta. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne cuta da ƙwari suna iya ɓuya a ciki.

Saboda haka aikin farko shi ne bincike. A zazzage buhun a bisa leda, a farfasa ƙasar, a tsince tsofaffin saiwoyi da gwazarma. A dubi saiwar da kyau. In an ga ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli, to, akwai wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke hana shuka shan ruwa. Haka kuma in tumatir ya yi yaushi ya mutu alhali ƙasa tana da laima, cutar tana nan. Kowa ya tuna ɓarnar da ƙwaron Tuta absoluta ya yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Shi ma yakan kwanta cikin ƙasa kafin ya fito da fiffike.

Ƙasar da ta kamu, rana ce maganinta. A watan Maris ko Afrilu a baje ta, kada kaurinta ya yi yawa, a jiƙa ta, a rufe da farar leda, a danne gefuna. A bar ta mako huɗu zuwa shida, zafi zai kashe yawancin abokan gāba. Saiwoyin da suka kamu kuwa a ƙone su, kada a jefa su ramin taki.

Ƙasar da ta fita lafiya sai a ciyar da ita. A haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Lalle a guji ɗanyen kashin kaji, domin yana ƙona yabanya. Sa'an nan a sāke iri. Tumatir da barkono da attarugu da gauta da dankalin Turawa duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka kada wani ya gaji buhun ɗan'uwansa. A sa albasa ko latas ko alayyafo a madadinsu. Abin da ya ragu a zuba a gindin mangwaro ko gwaiba, ko a yi shimfiɗa da shi a ramin taki.

Ina kira ga malaman makarantu da masu koyon malanta su kai wannan darasi lambun makaranta. A cika buhu biyu, ɗaya da tsohuwar ƙasa yadda take, ɗaya da wadda aka gyara, a shuka alayyafo rana guda, yara su riƙa auna tsawonsa kowane mako suna rubutawa. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga bambancin da idonsa zai kai labari gida, mahaifinsa ya daina zubar da dukiya a bola.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.