Takalmin Shiga Kogi

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Amurka, mai kamun kifi da fatsa yakan shiga cikin kogi ya tsaya. Ruwan kuwa da sanyi ƙwarai, ga duwatsu a ƙasa, gansakuka ta lulluɓe su, sai santsi kamar an zuba musu miyar kuɓewa. In mutum ya zame ya faɗi inda ruwa ke da ƙarfi, yana iya halaka. Saboda haka ba ya sayen takalmin shiga ruwa sai ya juya shi ya dubi ƙasansa tukuna.

Akwai mai ƙasan roba. Shi ne na taɓo da yashi, yana kuwa jure tafiya a tudu. Waɗansu sukan kafa masa 'yan ƙusoshi don ya riƙa cizon dutse. Akwai kuma wanda aka yi ƙasansa da wani abu mai kauri kamar bargo. Wannan ya fi kama dutse mai santsi, amma fa yana da aibi. Yakan daɗe bai bushe ba, har ya ɗauki ƙwayoyin wata muguwar gansakuka daga wannan kogi ya kai wancan, su yaɗu su ɓata ruwan. Abin da ya sa ke nan ƙasar Niyu Zilan ta hana masu fatsa shiga kogunanta da shi a 2008.

Sai kuma girmansa. Ba a sayen wanda ya matse, gama da safa mai kauri ake sa shi. Amma lalle ya kama idon sawu sosai, don kada ƙafa ta gurɗe tsakanin duwatsu.