Rabon Lokutan Jarrabawa a Jami'a: Hanyar Lissafi da Iyakarta

A ƙasar Gwarzo da Kabo, inda Sabon Birni take, kasuwannin ƙauye kan ci rana-rana cikin mako. Abin da aka saba shi ne kasuwanni biyu masu maƙwabtaka ba su cika ci rana ɗaya ba, domin fatake da 'yan koli ɗaya ne ke cin su, mutum kuwa ba ya rabuwa biyu. Wannan ita ce ainihin matsalar mai tsara jarrabawa a jami'a irin ta Bayero da ke Kano, wadda ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Ɗalibi shi ne falke, jarrabawa ita ce kasuwa. Duk darussa biyu da ɗalibi ko ɗaya ya haɗa, tilas a raba musu zama.

Masana lissafi kan zana kowane darasi da ɗigo, su ja layi tsakanin kowane biyu da ke karo da juna. A 1967 Welsh da Powell, malaman lissafi a Ingila, suka bayyana hanya mai sauƙi: a jera darussan, a fara da wanda ya fi yawan abokan karo, a ba kowanne zama na farko da babu abokin karonsa a ciki.

Ga misali. A ce Hausa tana karo da Larabci da Tarihi da Turanci, Larabci yana karo da Tarihi, Turanci kuma da Lissafi. Hausa ce mai abokan karo uku, saboda haka ita ke ɗaukar zama na farko, Lissafi ya bi ta. Larabci da Turanci su shiga na biyu, Tarihi ya zauna shi kaɗai a na uku. Watau zama uku ya wadatar maimakon biyar. Ba kuwa zai yiwu a rage ba, gama Hausa da Larabci da Tarihi kowanne yana karo da sauran biyun.

Amma fa in darussa suka yawaita, hanyar ba ta tabbatar da mafi ƙarancin zama. Gwada kowane tsari kuma ba shi yiwuwa, domin darussa 10 kaɗai cikin zama 5 suna da hanyoyin rabo 9,765,625. A 1972 Richard Karp na Amurka ya nuna wannan matsala tana cikin jinsin waɗanda har yau ba a san gajeriyar hanyar warware su ba. Saboda haka kwamfuta kan fara da tsari mai dama-dama, ta yi ta musanya darussa, tana riƙe abin da ya fi.

To, mene ne abin da ya fi? Tsari yana iya kuɓuta daga karo, alhali kuwa ya jera wa ɗalibi jarrabawa uku a wuni ɗaya, ya faɗi abin da ya sani don gajiya. A 1996 Carter da Laporte da Lee suka yi amfani da ma'aunin wannan wahala: tarar maki 16 in jarrabawa biyu na ɗalibi suna jere, 8 in zama ɗaya ya shiga tsakani, sa'an nan 4 da 2 da 1. Tsarin da jimlar tararsa ta fi ƙanƙanta shi ake zaɓa.

Abin lura ga malamai shi ne, kwamfuta ba ta auna kome sai abin da aka ɗora mata a kan sikeli. Ba ta san sallar Juma'a ba, ba ta san nauyin la'asar ga mai azumi ba, ba ta kuma san ɗalibin da ke maimaita darasin bara tare da na bana ba. Lalle sai malaman da suka san ɗalibansu sun zauna sun ƙayyade abin da aka hana ɗungum, da abin da za a yi wa tara, da yawan tarar, kafin a miƙa aikin ga na'ura.