ƊINKIN ƘYALLAYE A AMURKA: Daga Tsumman Talaka Zuwa Gidajen Tarihi

Daga Wakilinmu

A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama a ƙasar Amurka, mata da yawa sukan fito da jakunkunan da suka yi shekara suna tara guntayen yadi a ciki, su zauna da allura da almakashi su shiga ɗinka kayan ƙawata gida domin bikin Kirsimeti. Daga cikin abin da suke ɗinkawa akwai manyan safa da ake ratayewa a bakin murhun ɗumama ɗaki don zuba wa yara kyauta, da shimfiɗar da ake kewaye gindin itacen bikin da ita, da kuma 'yan taurari da tsuntsaye da ƙararrawa na ƙyalle waɗanda ake cusa wa auduga a rataye a jikin rassa.

Wannan al'ada ta taɓa shiga har fadar shugaban ƙasa. Cikin shekarar 1974, lokacin da tsadar kaya ta addabi Amurkawa bayan tashin farashin man fetur, uwargidan Shugaba Gerald Ford, watau Betty Ford, ta sa aka ƙawata babban itacen fadar White House da kayan ƙyallaye waɗanda matan yankin duwatsun Appalachia da ƙungiyoyin tsofaffi suka ɗinka da hannu, domin a nuna wa jama'a muhimmancin tsimi.

Amma waɗannan 'yan kayan ado reshe ne kawai. Uwar sana'ar ita ce ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt, kuma guntayen da suka yi wa bargo ƙanƙanta su ne ake mayarwa kayan biki.

YADDA AKE ƊINKIN

Bargon ƙyallaye rufi uku gare shi. Na sama shi ne fuska, wadda ake harhaɗawa daga guntaye masu launi iri-iri. Na tsakiya auduga ce da aka shimfiɗa don ta riƙe ɗumi, na ƙasa kuwa yadi ne mai faɗi, wanda a gidajen talakawan da yakan zama buhunan gari ko na taki da aka farke aka wanke. Bayan an jera su, sai a ɗaure a kan katakai huɗu a ja su miƙe, kana a bi da ƙananan ɗinki a haɗe rufin uku don kada audugar ta dunƙule waje guda idan an yi wanki.

Wanda ya taɓa duban lifidin da ake sa wa dawaki a hawan salla ya riga ya san dabarar, domin shi ma cusa ne tsakanin yadi biyu sannan a bi shi da ɗinki. Bambancin shi ne lifidi an yi shi don tare kibiya, bargon kuwa don tare sanyi.

Haɗa fuska aikin mace ɗaya ne, takan yi shi da dare bayan an dawo daga gona. Ɗinke rufin uku kuwa aikin gayya ne, inda maƙwabta ke kewaye katakan, kowa da allurarta, ana hira ana waƙoƙin coci har a gama na wannan gida a koma na wancan.

ƘAUYEN DA KOGI YA KEWAYE

A cikin wuraren da aka san su da wannan sana'a, babu wanda sunansa ya kai na Gee's Bend, wani ƙaramin ƙauye na baƙar fata a jihar Alabama, wanda kogin Alabama ya kewaye ta ɓangarori uku. Ƙauyen ya samo sunansa ne daga Joseph Gee, wanda ya kafa gandun auduga a wurin cikin shekarar 1816 da ƙarfin bayi. A shekarar 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya koro bayinsa kimanin 100 a ƙasa tun daga jihar Carolina ta Arewa. Shi ya sa har yau yawancin mutanen ƙauyen ke amsa sunan Pettway, ko da yake ba jini ne ya haɗa su duka ba.

Bayan an haramta bauta a shekarar 1865, 'ya'yan bayin suka ci gaba da noman ƙasar a matsayin 'yan haya, kullum cikin bashi. Gidajensu na katako ne masu ramuka, ana liƙa tsofaffin jaridu a bango don tare iska, saboda haka a lokacin hunturu sai a jibga wa yara barguna da dama kafin su iya barci. Ba a sayen yadi don wannan aiki. Wandon gona da ya mutu, da rigar da yaro ya fi ƙarfinta, su ne kayan aikin.

Cikin shekarar 1932, sa'ad da farashin auduga ya faɗi warwas, ɗan kasuwar garin Camden da ke ba su bashi ya rasu, magadansa kuma suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin iyalai da yawa. Ƙungiyar Red Cross ce ta ciyar da su a wannan hunturun. Daga baya gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar ta sayar wa mazaunan a kan bashi mai sauƙi, abin da ya sa suka zauna daram a lokacin da dubban baƙar fata ke ƙaura zuwa biranen arewa. Zaman nan nasu wuri ɗaya shi ya sa sana'ar ta riƙa gangarowa daga kaka zuwa jika ba tare da ta yanke ba.

Bargon yakan zama abin tunawa da mamaci. A shekarar 1942, bayan rasuwar mijinta Nathaniel, wata mata mai suna Missouri Pettway ta yayyanka tufafin aikinsa ta ɗinka bargo da su don ta riƙa lulluɓa. Tabon ƙasar gona yana nan a jikin guntayen gwiwar wandon.

ALLURA DA ƘURI'A

Da gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ta kankama, mutanen ƙauyen suka riƙa ƙetare kogi zuwa Camden don yin rajistar zaɓe. A shekarar 1962 hukuma ta dakatar da jirgin fiton da ke ɗaukarsu, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta koma ta kusan sa'a guda a mota, ga mutanen da yawancinsu ba su da motar. Ba a maido da jirgin ba sai a shekarar 2006, watau bayan shekara 44. Dokta Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen a shekarar 1965, kuma alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki akwatin gawarsa a 1968.

Da yake masu gonaki suna korar duk wanda ya yi rajista, sai mata suka nemi mafita a allurarsu. A watan Maris na 1966, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter, matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, ƙarƙashin jagorancin Estelle Witherspoon. A shekarar 1972 ƙungiyar ta sami kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri, mai layi-layi kamar kunyoyin gona. Ragowar yadin da ke zuba ƙasa ma ba ta tafi a banza ba, domin matan sun riƙa kwashewa gida suna ɗinka barguna, waɗanda a yau ake lissafa su cikin mafi kyawun aikinsu.

WA YA CI RIBAR?

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young an shanya a kan tarin itace, ya bi sawu har ƙofar gidanta. An ruwaito cewa mako guda kafin zuwansa ta ƙone waɗansu tsofaffin bargunan don hayaƙinsu ya kori sauro. Arnett ya sayi ɗaruruwan barguna a ƙauyen, kuma a shekarar 2002 aka nuna su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka wuce da su gidan Whitney da ke New York. Masana suka yi mamakin yadda matan da ba su shiga makarantar zane ba suke jera launi ba tare da bin ƙa'idar littafi ba, har suka kwatanta aikinsu da na manyan masu zanen zamani. A shekarar 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki iri goma masu ɗauke da hotunan bargunan.

To, amma suna daban, kuɗi daban. An buga zanen bargunan a jikin dardumai da waɗansu kayan kasuwa, alhali gundumar Wilcox, inda ƙauyen yake, tana cikin mafi talauci a Amurka. Waɗansu suka fara ganin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A shekarar 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka kai iyalin Arnett ƙara bisa zargin ba a biya su haƙƙinsu ba. Iyalin sun musanta, waɗansu matan ƙauyen kuma suka goyi bayansu, sannan aka kashe maganar a 2008.

Duk da haka ƙarar ta bar darasi. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa, ta shiga taimaka wa matan wajen tabbatar da haƙƙin mallakar zanensu, kuma a shekarar 2020 ta fito da tsarin ba mai aikin ko magadansa kashi 5 cikin 100 idan ta sake sayar da aikinsa. A 2021 waɗansu daga cikin matan suka buɗe shagunansu a kasuwar intanet ta Etsy, inda suke sayarwa da sunansu, su yanka farashi da kansu.

ABIN LURA

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai an binne tufafi da yadi tan miliyan 11.3 a juji. A ƙasar da ake irin wannan zubarwa ne tsumman wandon manomi ya sami wuri a bangon gidan tarihi.

A nan gida ma, duk wanda ya leƙa shagon tela ana jajiberin salla ya ga tarin ƙyallayen atamfa da shadda a ƙarƙashin keke, waɗanda ƙarshensu cusa matashin kai ne ko bola. Jami'an raya karkara da na ƙungiyoyin gama kai, da ɗaliban da ke shirin kama irin wannan aiki, suna da abu biyu da za su ɗauka daga tarihin Gee's Bend. Na farko, sana'ar ba ta bukatar jarin da ya wuce allura da zare da haƙuri. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci, tun ranar da aka fara kai kaya kasuwa ya kamata a rubuta sunan wadda ta ɗinka, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan rabonta. Matan Alabama sun shafe fiye da shekara ɗari suna ɗinki kafin a fara rubuta sunayensu a gefen aikinsu.