Ƙofar Ruwa: Cinikin Ƙarfin Inji a Layin 'Yan Beljiyam

Duk wanda motarsa ta taɓa kwana a gareji a Kano ya ci amfanin Ƙofar Ruwa, ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba, domin can bakanike yake tura yaronsa a kan babur ya sayo abin da ya lalace. Kasuwar tana arewacin tsohon birni, ta ɓangaren Dala, kuma kasuwanni ne da yawa a cikin guda: ga 'yan rodi da kayan gini, ga 'yan gwangwan, ga masu sababbin kayan mota a kwali, ga kuma layukan 'yan Beljiyam, masu kayan mota na hannu da aka shigo da su daga waje, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin man da ta sha shekara da shekaru. A nan ne rumfunan manyan injuna suke, masu fulogi shida da masu takwas.

Za ka tarar da su jere a kan tsofaffin tayoyi, an toshe bakunansu da leda ko tsumma don kada ƙura ta shiga, an rubuta wa kowanne alama da fenti. Daga Amurka, Turai, Japan da Dubai suke fitowa, su sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas ko Kwatano, wasu su bi ta kasuwar Ladipo ta Legas kafin tirela ta kawo su arewa. Masu saye kuwa ba 'yan Kano kaɗai ba ne, har daga Maraɗi da Damagaram ake zuwa.

Abin da ake kira injin V shi ne wanda aka raba silindojinsa gida biyu, uku nan uku can, ko huɗu-huɗu, suka buɗe kamar harafin V a kan kuranshaf guda. Wannan ƙira ce ta sa inji mai fulogi shida yake shiga gaban ƙaramar mota a gicciye. Yaran kasuwar sun haddace su tun daga nesa. Wancan mai lita 3 shi ne 1MZ, na tsohuwar Camry da Sienna da Lexus RX300. Na kusa da shi 2GR ne, mai lita 3.5, wanda ya zo a Camry ta 2007 da ƙarfin doki 268, alhali 'yar uwarta mai fulogi huɗu 158 take bayarwa. Ga na Honda Accord ta 2003 mai doki 240. A can ƙurya kuma, inda sai da sarƙa da ƙugiya ake ɗagawa, 2UZ ne na Land Cruiser, fulogi takwas, lita 4.7, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe.

Sayen inji ba da baki kawai ake yi ba. Mai saye yakan zo da bakanikensa, wanda zai fara da buɗe murfin baƙin mai ya haska ciki da fitilar waya. In ya ga dasƙararren baƙin datti ya manne a ƙarafan, sai ya mayar da murfi ya ce a nuna masa wani, musamman in 1MZ ne, domin an san shi da wannan ciwo idan mai shi na farko ya yi sakaci da juye. Daga nan ya ɗora sifana a kan kuranshaf ya juya da hannu, yana jin yadda kowane fistin yake turjewa. Ya kwance fulogi ɗaya ko biyu ya duba bakinsu: mai launin toka lafiyayye ne, mai jiƙe da baƙin mai kuwa ringi ya gaji. Sai a faɗa ciniki. "Albarka, Alhaji, wallahi ko kuɗinsa bai kai ba." A ja, a ja, dillali ya shiga tsakani, a sallama, a ɗiga fenti a kan notuna don shaidar ba a kwance ba, a ba da garanti na 'yan kwanaki.

Ranar 29 ga Mayu 2023 ta sauya wannan layi. Da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. Motar da jiya ake taƙama da ita sai ta zama kaya. Masu fulogi shida da yawa suka jingine motocinsu, wasu suka sa musu tukunyar gas ta CNG duk da tana ɗan rage ja, wasu suka karyar da su. Saboda haka wani sabon rukuni ya shigo kasuwar: samari da ƙananan ma'aikata waɗanda suka sami babbar mota da sauƙi, amma tsohuwa, ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki. Su ne ke zuwa da magana guda: "Oga, so nake in na taka totur ta amsa, amma fa kuɗina kaɗan ne."

Kasuwa ba ta ƙi cinikin kowa ba, kuma tana da abin da za ta miƙa wa mai wannan buƙata nan take. Akwai salansa mai faffaɗan baki wadda ke sa unguwa ta san ka fito. Akwai matatar iska mai kala, mai siffar mazurari. Akwai wanda zai ce a fasa indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, a zubar, wai shi ke shaƙe mota. Ina faɗa da babbar murya, mafi yawan wannan asarar kuɗi ce. Ƙara daban, ƙarfi daban. Matatar nan mai kala, idan aka cire akwatin asali aka ɗaura ta a fili, zafin inji take zuƙa, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi: tsakanin digiri 20 da digiri 40 ana rasa kusan kashi 6 cikin ɗari na nauyinta, balle iskar da ke ƙarƙashin bonet a watan Afrilu. Ga shi kuma ba ta tare ƙurar hunturu kamar ta takarda. Shi kuwa indomi, in ya toshe lallai yana kashe ja, sai a canza shi. Amma lafiyayye ba ya tauye wani abin kirki, kuma a cikinsa akwai ma'adanai masu tsada irin su filatinom, shi ya sa 'yan gwangwan suke sayensa da daraja. Wanda ya matsa maka ka cire, ka tambayi kanka ina zai kai shi. Hayaƙin da zai biyo baya kuma 'ya'yanmu ne za su shaƙa a bakin titi.

Na ji wani dattijon bakanike ya amsa wa irin wannan saurayi da tambaya: "Ɗana, yaushe rabon da a canza maka fulogin baya?" Saurayin ya yi shiru. Nan gizo yake saƙa. A injin V6 da ke kwance a gicciye, fulogi uku na gaba suna fili, minti kaɗan an gama da su. Ukun baya suna can jikin bangon mota, a ƙarƙashin bututun shigar iska, a motoci da yawa sai an kwance shi kafin hannu ya kai. Malalacin bakanike sai ya canza na gaba, ya karɓi kuɗin shida. Shekaru suna tafiya, rabin inji yana aiki da sabuwar wuta, rabi yana ɗingishi, mai mota yana cewa ta tsufa.

Haka sauran matsalolin suke, ƙanana ne kuma ɓoyayyu. A cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu na 1MZ akwai sansa masu sauraron ƙwanƙwasar inji. In suka mutu, ko zafi ya cinye wayarsu, ƙwaƙwalwar mota takan ja da lokacin wuta baya don kare injin, sai mota ta yi sanyi a hawa. Sansar da ke auna iska a bayan matata, ƙura kaɗan ta isa ta sa ta yi ƙarya. Nozul ya toshe, famfon mai ya raunana, kwayil ɗaya yana yanke wuta. Sai kuma al'adar da ta fi ci mini rai, ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya haura digiri 80. In aka hana shi kaiwa nan, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur, ga shan mai ga wanke bangon silinda. Maganin zafi shi ne wanke lagireto da gyara fanka.

Dukan waɗannan kaya suna nan Ƙofar Ruwa, kuma jimillar kuɗinsu ba ta kama ƙafar kuɗin inji ba. Matsalar ita ce jabu. Fulogin ƙarya da na gaske kwali ɗaya suke sawa, shi ya sa gogaggu suka fi yarda da kwayil da sansa na Beljiyam da aka ciro daga inji mai lafiya a kan sabo mai arahar banza. Araha ba ta ado. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da kafar da ake jona kwamfuta, kuma 'yan rewaya da yawa suna da na'urar yanzu. Kafin a sayi komai, a jona ta faɗi inda ciwon yake, a kuma auna matsin kowace silinda. Injin da ringinsa ya tafi, ba salansar da za ta tashe shi.

Wanda yake son abin da ya wuce na kamfani, shi ma akwai hanyarsa, sai dai ba ta mai ƙaramin aljihu ba ce. Wasu sukan sauke 1MZ su ɗora 3MZ mai lita 3.3, amma sai da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, da ɗan rewaya wanda ya san aikinsa. Shi kuwa tabo, mai cusa wa inji ƙarin iska, yana jan sabbin nozul, da sake saitin ƙwaƙwalwa, da giyar da za ta iya ɗaukar nauyin, giyar tsohuwar mota kuma ita ce ke fara faɗuwa. Sake saiti kaɗai a injin da ba shi da tabo, abin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba.

Ina roƙon shugabannin kasuwar su tsaya a kan masu cusa jabu a kwalin asali, domin sunan kowa suke ɓatawa. Kai kuma mai mota, in Allah ya sa injinka ya dawo da ƙarfinsa, kada ka fita daga Ƙofar Ruwa sai ka biya layin masu birki da taya. Doki 268 a kan suɗaɗɗiyar taya a hanyar Zariya ba abin wasa ba ne, kuma ba kai kaɗai ke kan titin ba.